Allurar Kawu, katin dala 5 da takardar COBRA da ya kusa sa wa hannu

Duk daren Juma'a Kawu yana ciro allurarsa daga firij ya ajiye ta kan tebur ta ɗan huce, sannan ya soka wa kansa a cinya. Shekara 6 kenan yana haka. Ciwon gaɓoɓi gare shi, irin wanda garkuwar jiki ke juyowa ta ringa cin gaɓɓan mutum da kanta, mu dai a gida sanyin ƙashi muke ce masa duk da likitoci basa son wannan sunan. Kafin a ɗora shi kan allurar nan, Enbrel sunanta, sai da ta kai in ya tashi da asuba baya iya murɗa famfo yayi alwala sai matarsa Hajiya ta murɗa masa. Farashinta a takarda, yadda gwamnatin Amurka ta fitar na shekarar 2023, dala 7,106 ne na kwana 30. Amma shi Kawu dala 5 yake biya a wata, saboda inshorar wurin aikinsa tana ɗaukar mafi yawa, ragowar kuma kamfanin maganin ya bashi wani katin rangwame da yake shafewa. Wannan dala 5 ɗin ita ta shige masa kai, duk maganar da za'a yi masa sai ya dawo kanta.

Yayan mahaifiyata ne, ya fi shekara 20 a Bronx cikin birnin Niyok, yana aiki a wani kamfanin rarraba kaya mai ma'aikata ɗaruruwa. Ya cika 65 a watan Maris na 2024, lokacin ya karɓi sashen A kawai na Medicare, inshorar lafiya ta gwamnati ga 'yan 65 zuwa sama, wato sashen kwanciya asibiti, tunda kyauta ne ga duk wanda ya biya harajin aiki na shekara 10. Sashen B na ganin likita da sashen D na magani bai taɓa su ba, kuma daidai yayi, don in kana kan aiki kuma kamfanin yana da ma'aikata 20 ko sama da haka inshorar aikin ce ke gaba wajen biya, babu tarar da zata hau kanka don ka jinkirta. Sai ga shi a watan Afrilu na 2025 an sanar dasu za'a rufe reshensu ƙarshen Mayu. Yana da 66, Hajiya tana da 59, kuma ita ma a ƙarƙashin inshorarsa take, ga ciwon suga ga aikin yanar ido da aka riga aka sa mata rana a watan Yuli.

Wata mata a ofishin ma'aikata ta miƙa masa takardu tace kar ya damu akwai COBRA, inshorarsa zata cigaba yadda take har wata 18, likitansa ɗaya maganinsa ɗaya babu abun da zai canza. Ya kira ni da daddare yace ɗana zo ka duba min inda zan sa hannu, ni dai sunan ne bai min ba, ya za'a sa wa inshora sunan gamsheƙa. Nace Kawu ajiye biron tukuna.

COBRA doka ce ta 1985 da Reagan ya sa wa hannu a 1986, abun da take cewa shine in ka bar aiki a kamfani mai ma'aikata 20 zuwa sama kana da damar riƙe inshorar wurin, yawanci na wata 18, amma kai zaka biya kuɗin gaba ɗaya, naka da wanda kamfani yake biya maka a da, har da ƙarin kashi 2 cikin 100 na ɗawainiya. Kana da kwana 60 ka yanke shawara. A takardar Kawu an rubuta dala 820 a wata na mutum ɗaya, 1,640 su biyu. Shi da ake cire masa ƙasa da 400 a albashi, da ya ga haka sai da yayi salati, amma duk da haka yace gara ya biya, don ya ji a masallaci cewa duk wanda ya shiga Medicare an daina karɓar katin rangwamensa, kuma akwai wani dattijo ɗan Kumasi da ya taɓa gani yana raba ƙwayar magani biyu da wuƙa saboda tsada.

Maganar katin gaskiya ce. Akwai dokar hana cin hanci a harkar lafiya tun 1972 wadda ta hana kamfanin magani bada irin wannan rangwamen a kan maganin da gwamnati ke biya, ana ganin kamar saye ka yake yi ka zaɓi maganinsa mai tsada gwamnati ta kwashi sauran. Toh ranar da sashen D ya fara biyan allurar, katin ya mutu. Labarin dattijon ma ba ƙarya bane, sai dai tsohon labari ne. Sashen D tun da aka fara shi a 2006 bashi da rufi, mai shan magani irin na Kawu zai biya dubbai a farkon shekara sannan ya cigaba da biyan kashi 5 cikin 100 har Disamba, kuma kashi 5 na dala dubu 7 ba wasa bane. Dokar da Biden ya sa wa hannu a Agustan 2022 ita ta canza wannan, an cire kashi 5 ɗin a 2024, daga Janairun 2025 kuma aka kafa iyaka, duk abun da zaka fitar daga aljihunka na magungunan da tsarinka ya yarda dasu bazai wuce dala 2,000 a wannan shekarar ba. Yawancin dattawanmu basu san an yi wannan ba, har yanzu lissafin shekarun baya suke yi.

Amma ni abun da ya tsorata ni ba kuɗin allurar bane ma. Agogon sashen B ne. In ka wuce 65 kana aiki, daga ranar da aikin ya ƙare ko inshorar aikin ta ƙare, duk wanda ya riga, kana da wata 8 ka shiga sashen B ba tare da tara ba, kuma COBRA bata tsayar da wannan agogon, a wurin gwamnati COBRA ba inshorar mai aiki bace tunda ka daina aikin. Wannan ne matar ofishin ma'aikata bata faɗa masa ba, ƙila ita ma bata sani ba. Na ɗauko kalandar masallaci da ke rataye a kicin ɗinsu na lissafa masa. Aiki ya ƙare ƙarshen Mayu 2025, wata 8 zai cika ƙarshen Janairu 2026. COBRA kuma sai ƙarshen Nuwamba 2026 zata ƙare. Da ya zauna a kanta hankali kwance har ƙarshe, ranar da zai je neman sashen B za'a ce masa ƙofa a rufe take sai lokacin rajistar kowa da kowa, 1 ga Janairu zuwa 31 ga Maris, kuma sai watan da ya biyo bayan rajista take fara aiki, kenan Disamba da Janairu zai yi su babu inshorar likita a tsakiyar sanyi, mai ciwon gaɓoɓi. Sannan tara, kashi 10 cikin 100 a kan kowace cikakkiyar shekara da ka makara, kuma ba sau ɗaya ake biya ba, duk wata ne har ƙarshen rayuwa. A kan dala 185 da ake biya a 2025 dala 18.50 ce, Kawu yace wannan ai kuɗin shayi ne. Nace toh ga wanda ba kuɗin shayi ba.

Da zarar ka daina aiki kuma ka kai shekarun Medicare, Medicare ce ke gaba wajen biya, COBRA a baya take. Tsare-tsare da yawa suna da wani layi a cikin littafinsu da ke cewa zasu biya ne kamar dai kana da sashen B, ko kana dashi ko baka dashi. Ma'ana likita ya caje ka dala 1,000, su cire dala 800 da suke ganin Medicare ce ya kamata ta biya, su duba ragowar 200 kawai, 800 ɗin kuma tunda babu Medicare ɗin kai ne. Kuma wani lokacin ba nan take suke ganewa ba, sai sun biya watanni sannan su dawo su karɓe kuɗinsu daga asibiti, asibiti ta biyo ka. Na sa Kawu ya nemo littafin tsarin nasu, na zauna dashi dare biyu, layin yana nan. Kaga zai ringa biyan 820 duk wata a kan rigar da ba ta da baya.

Daga nan maganar ta koma sashen B dole ne, tambaya kawai me za'a haɗa masa dashi. Hanya ta farko ya riƙe COBRA ɗin saboda magani da kati, ya ƙara sashen B a kai. Doka ta bashi dama tunda ya riga ya samu sashen A kafin aikin ya ƙare, da akasin haka ne, wato yana kan COBRA sannan ya shiga Medicare, suna iya yanke masa ita. Kuma bazai ci tarar sashen D ba matuƙar inshorar maganin tana da takardar shaidar cewa ta kai darajar ta gwamnati, wadda suke turowa kowace shekara kafin 15 ga Oktoba mutane suna zubarwa a shara tare da takardun talla. In babu wannan shaidar kuma ka wuce kwana 63, tarar kashi 1 cikin 100 ce a kan kowane wata, ana lissafawa da dala 36.78 a 2025, ita ma ta har abada. Wannan hanyar 820 da 185 da 5, dala 1,010 a wata kenan, shi kaɗai banda Hajiya, kuma da sharaɗin kamfanin maganin bai ce komai ba game da katin, don wasu suna da ƙa'idoji a ƙananan rubutu kan masu Medicare.

Hanya ta biyu Medicare zalla. Sashen B 185, tsarin sashen D da muka samu mai allurarsa a jerin magungunansu wajen dala 50, sai inshorar cike giɓi da ake kira Medigap, nau'in G, wadda a Niyok tana da tsada, wajen 350 muka samu. Jimla 585 a wata. Sai dala 257 ta farko da ake fara biya a sashen B kafin su sa hannu, sai 2,000 ta magani. In ka tara na shekara guda 9,277, ita kuwa waccan 12,120 kafin a zo kan kuɗin ganin likita. Da na rubuta masa su gefe da gefe a bayan ambulan yayi shiru, can yace to amma 2,000 ɗin a ina zan samo ta lokaci ɗaya. Tambaya ce mai kyau, don da magani mai wannan tsadar tun karɓar farko zaka ci iyakar, 590 na buɗe ƙofa da kashi 25 na ragowar ya riga ya haura 2,000. Nan ma an yi wani sabon abu a 2025, kana iya gaya wa tsarinka su raba maka kuɗin wata-wata zuwa ƙarshen shekara babu ruwa a kai, wannan kalmar ta babu ruwa ita ta fi yi wa Kawu daɗi. Baya rage ko sisi, rabawa kawai yake, 2,000 a wata 7 ya kama 286. Abun haushin shine shiga a tsakiyar shekara bai rage iyakar ba, ya biya 2,000 cif na wata 7, Janairu kuma aka koma farko.

Hajiya ce ta kawo hanya ta uku, saboda tallan da take gani a talabijin da kuma wani ɗan kamasho da ya kafa tebur kusa da shagon da take sayen garin tuwo, Medicare Advantage, wato Medicare ɗin da kamfanonin inshora ke gudanarwa, babu kuɗin wata, ga haƙori ga tabarau ga kati na sayen kayan masarufi. Ban raina ta ba, akwai mutanenmu da yawa a kai kuma yana yi musu, iyakar nan ta magani ma tana aiki a can. Abun da ya sa na ƙi wa Kawu ita magana ce da likitarsa ta yi tun bara, tace in allurar ta fara sanyi a jikinsa za'a koma maganin da ake sawa ta ƙarin ruwa a asibiti. Wannan bambancin mutane basa lura dashi, maganin da ka karɓo a famasi ka yi wa kanka a gida sashen D ne, yana ƙarƙashin rufin nan, wanda kuma nas ta ɗaura maka a asibiti sashen B ne, kashi 20 cikin 100 naka ne kuma a asalin Medicare babu rufi sam. Medigap G tana shafe wannan kashi 20 ɗin tas. A Advantage kuwa kana iya biyansa har sai ka kai iyakarsu, wadda doka ta yarda ta kai dala 9,350 a 2025, banda neman izini kafin a fara, banda cewa tun 2019 an basu damar cewa sai ka gwada mai araha ya gaza tukuna. Mutumin da ya sha wahala shekara biyu kafin a dace da maganin da ya karɓe shi, bana son a maida shi gwaji. Kuma likitar tasa bata cikin biyu daga tsare-tsare ukun da mutumin ya nuna.

Ga kuma zancen gida. Burin Kawu tun da can in ya ajiye aiki ya ringa yin sanyi a Katsina, wata 3 ko 4, ya dawo da bazara. Medicare bata biyan komai a Najeriya ko Saudiyya, wannan kowa ya sa a ransa. G ɗin tana da ɗan wani abu na gaggawa a waje, kashi 80 cikin 100 bayan ka biya dala 250, a kwana 60 na farkon tafiya kawai, kuma dala 50,000 ce iyakarta a duk rayuwa. Advantage kuma in ka wuce wata 6 a wajen yankinsu cire ka suke yi. Ita allurar da firij take rayuwa, yadda zata yi da wutar Katsina wannan rigima ce ta daban wadda har yanzu muna kai.

Wani abu da ya sauƙaƙa mana shine jihar da yake. A yawancin jihohin Amurka wata 6 kawai gare ka daga ranar da sashen B ya fara ka sayi Medigap ba tare da an tambaye ka ciwonka ba, in ya wuce suna iya ƙin ka ko su tsawwala, mai ciwo irin na Kawu kuwa da wuya su karɓe shi. Niyok tana cikin 'yan jihohin da dole su sayar maka kowane lokaci a farashi ɗaya da kowa, shi yasa ma take da tsada. 'Yan uwanmu na Nijar da ke Greensboro a jihar North Carolina kar su ɗauki lissafin nan su ɗora wa kansu kai tsaye, can farashin ya fi sauƙi amma ƙofar ta fi ƙunci. Ban yarda da kaina ni kaɗai ba, na kai shi wurin masu bada shawara kyauta na gwamnati, kowace jiha tana dasu da sunan SHIP, a Niyok HIICAP ake ce musu, basa sayar da komai. Matar da ta duba mana ta gyara min abu ɗaya, ta kuma sa muka cike takardar EPIC, tallafin magani na jihar ga 'yan 65 zuwa sama masu samun da bai wuce dala 75,000 ba, ko 100,000 ga ma'aurata. Da kuɗin shigar bara suke aiki, lokacin yana ɗaukar cikakken albashi, don haka bai tsinana masa wani abu ba a shekarar farko.

Inda Kawu ya fi tirjewa kuwa Hajiya ce. Medicare ta mutum ɗaya ce, bata san iyali ba, shi kuma a ganinsa ficewa daga inshorar ya bar matarsa kamar ya tsallake ya bar ta a rami ne. Yace ni da na kawo ta ƙasar nan. Sai da na nuna masa a takardar cewa kowanne a cikinsu yana da ikon zaɓar COBRA shi kaɗai, ita ta ɗauka shi ya bari. Mun duba kasuwar inshora ta jiha wadda ake ce wa Obamacare, amma ta riga ta gama biyan kuɗin farko na shekara a tsohon tsarin, likitan idon kuma yana ciki, canzawa ana saura wata biyu aiki asara ce. Abun da matar HIICAP ta gyara min shine tsawon lokacin, tunda shi ya samu Medicare ƙasa da wata 18 kafin aikin ya ƙare, ita tana da wata 36 daga ranar da ya samu, wato har ƙarshen Fabrairun 2027. Ta kuma ja mana kunne cewa in mutum ya yar da COBRA da kansa a tsakiyar shekara wannan baya buɗe masa ƙofar kasuwa, sai ya jira lokacin rajista a Nuwamba.

A cikin Mayu muka kai takardu biyu ofishin Social Security na gwamnati inda ake rajistar Medicare, CMS-40B wadda shi ya cike da CMS-L564 wadda kamfani ke sa wa hannu don shaidar yana da inshorar aiki tun da ya cika 65. Ta biyun ce ta bamu wahala, ofishin kamfanin ana ta kwashe kaya kowa yana neman inda zai sa kansa, sau uku Kawu yana zuwa. Komai ya fara 1 ga Yuni. Sabon tsarin maganin yace sai likita ta turo hujja kafin su biya, famasin ma ba wadda ya saba bace, a nan muka yi amfani da dokar da ta tilasta musu bada maganin wata ɗaya na wucin gadi a kwana 90 na farko, duk da haka Juma'a ɗaya ta wuce shi sai ranar Talata aka kawo. Ya kira ni a daren yace ka gani ko, da katina da tuni na yi. Ban ce komai ba.

A 2026 iyakar ta koma 2,100, sashen B ya koma 202.90, kuma allurarsa tana cikin magunguna 10 da gwamnati ta yi cinikin farashinsu, daga 1 ga Janairu 2026 ta dawo dala 2,355. Da ya ji a rediyo ya ɗauka kuɗinsa zai ragu da kashi biyu cikin uku. Na sake ɗauko ambulan, Janairu 615 da kashi 25 na ragowar ya kama 1,050, Fabrairu 589, Maris 461, ya cika 2,100 kenan, abun da ya canza kawai a Maris zai kai rufin maimakon Janairu, ragin kuwa gwamnati da tsarin inshorar ne suka sha. Hajiya kuma an yi idon lafiya, ta koma kasuwar jiha a Janairu, tana da shekara 5 a gaba kafin ta kai 65, kuma tunda shi ya cika shekarunsa 10 na haraji zata samu sashen A kyauta ta dalilinsa. Katin rangwamen yana nan cikin walat ɗinsa bayan lasisin tuƙi, na ce ya yar yace a'a.